Kama Da Wane Ba Ta Wane

A ranar 18 ga Afrilu, 2018, wasu 'yan ta-kife suka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Abuja ana tsakiyar zama, suka sure sandar girma ta majalisar suka yi waje da ita. Sai washegari 'yan sanda suka tsinto ta a ƙarƙashin wata gada, kusa da ƙofar shiga birnin. Jaridun Turanci kuwa, kowace ka ɗauka cewa take an sace "mace". To, Bahaushen da idonsa ya sauka a kan wannan kanun labari kafin ya tuna cewa Turanci yake karantawa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne: matar wane sanata aka ɗauke?

Haruffa huɗu ne a nan, haruffa huɗu ne a can, kuma jerinsu ɗaya. Amma a bakin Bature gaɓa ɗaya ce, kusan "mes" yake cewa, kuma daga tsohon Faransanci ya samo ta, inda take nufin kulki irin na yaƙi. A bakinmu gaɓa biyu ce, 'yar ɗaki ɗaya da "mata", domin duk wanda ya zauna ajin tsarin sauti ya san yadda "t" ke rikiɗa ta koma "c" a gaban "i" ko "e": sata da sace, fita da fice, mota da motoci. In ban da a kan takarda, babu inda kalmomin nan biyu suka taɓa haɗuwa. Wannan kam kowa zai yarda, don ba mai cewa daga wurinmu Turawa suka koyi kiran sanda mace.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da zarar ma'anar ta ɗan matso kusa, ko labarin ya zo da abin da zai fasa mana kai, sai wannan hankali ya gudu ya bar mu. Sanin kowa ne yadda ake ta tura wani irin jeri a wayoyi: ga kalmar Hausa a hagu, ga ta Japananci ko Indiyanci ko Ibrananci a dama, can ƙasa a rubuta cewa wannan ya tabbatar asalinmu ɗaya da su, ko ma daga gare mu suka fito. Da a teburin mai shayi abin ya tsaya, da sauƙi. Amma na ji irin wannan hujja a bakin ɗalibin harshe yana tsaye gaban allo, na kuma gan ta a babin asalin Hausawa na kundin digiri. A nawa ganin, kamannin rubutu shi ne hujja mafi rauni da mutum zai kawo a kan dangantakar harsuna, kuma mu da za a ba takardar shaida a kan nazarin harshe, mu ya kamata mu fara faɗin haka, ko da labarin da za mu rushe mai daɗin ji ne.

Bari mu fara da Japanancin, tunda shi aka fi yayi. Gaskiya ne, idan aka rubuta shi da haruffan boko yana cike da kalmomin da za ka rantse Hausa ne. Suna da "dare", amma tambaya ce, wato wane ne. Suna da "kare", ma'anarta shi. "Mura" a wurinsu ƙauye ne, "hana" fure ko hanci, "kuma" wata dabbar daji ce mai gashi, "sake" giyar shinkafa, "suna" kuwa yashi. Mu da muke karanta adabin baka, gara ma kada mu faɗi sunan darasin a Tokyo, domin "baka" a can wawa ne. Haka zalika Kano sunan dangi ne a Japan. Jigoro Kano shi ya kafa wasan judo a 1882, kuma ba ɗan Dala ba ne. Edo sunan Tokyo ne kafin 1868, alhali ga jihar Edo a nan kusa da mu. Kuma abin bai tsaya a Japan ba. Wannan "dare" ɗin dai a Italiyanci bayarwa ne, a Turanci kuwa yin kasada. "Rana" a Sifaniyanci da Italiyanci kwaɗo ne, a Rashanci rauni. "Mata" ido ne a harshen Indunisiya da Malesiya, uwa ce a Indiyanci. Idan kamannin haruffa hujja ce, to, sai mai jerin nan ya gaya mana wace ƙasa za mu zaɓa, don duk sun kira mu.

Ba sai mun ƙetare teku ba ma. Mu da muke karatun Hausa a wannan ɓangare na ƙasa, kullum muna cuɗanya da abokanmu masu nazarin Yarbanci da Ibo, kuma allon sanarwarsu kaɗai ya ishe mu misali. "Ina" a Yarbanci wuta ce. "Sun" barci ne, kalmar da mu muke cewa da ita sun zo sun tafi, Bature kuma yake kiran rana da ita. "Ku", da muke kiran jama'a da ita, a can mutuwa take nufi. A harshen Ibo "anya" ido ne, "aka" hannu, "uwa" kuwa duniya ce. Wannan ta ƙarshe takan yi wa wasu daɗi, har ka ji ana cewa ai duniya uwa ce, ka ga hikimar magabata. Zancen ya yi kyau a waƙa. Sai dai Ibo da Yarbanci 'yan babban gidan harsunan Neja-Kongo ne, Hausa kuwa 'yar reshen Cadi ce a gidan Afro-Asiya. Ban da wannan, wasalin farko na kalmar Ibo ba irin namu ba ne, shi ya sa masu ita suke ɗiga masa ɗigo a ƙasa. Sai an share ɗigon sannan kamannin yake cika.

To, daga ina wannan kama take fitowa? Amsar ba ta da armashi: lissafi ne. A ƙaddara muna da baƙaƙe 20 da wasula 5. Idan kowace gaɓa baƙi ce da wasali, gaɓoɓi 100 ke nan. Kalma mai gaɓa biyu, irin su kare da dare da rana, ba za ta wuce siga 10,000 ba. Yanzu a ƙaddara Hausa ta yi amfani da 2,000 daga cikin waɗannan gurabe, wani harshe can da bai taɓa jin labarinmu ba shi ma ya ɗebi 2,000 nasa da ka. Lissafi ya nuna wajen 400 za su faɗa gurbi ɗaya. Waɗannan adadi misali ne kawai na kafa, mai karatu na iya sauya su ya sake bugawa, amma duk yadda ya juya zai tarar da ɗaruruwa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 kaɗai yana ɗauke da kalmomi fiye da dubu talatin, don haka akwai wadatar kayan da za a yi ta tsinta. Dalilin da ya sa Japananci ya fi sauran yi mana kama kuwa shi ne, shi ma wasula biyar gare shi, a, i, u, e, o, kuma yawancin gaɓoɓinsa baƙi ne da wasali. Bajamushe da yake jera baƙaƙe uku ko huɗu a wuri ɗaya da wuya ya yi karo da mu. Da a ce an kwatanta Hausa da Japananci ba a sami ko kalma ɗaya mai kama ba, wannan shi ne zai zama abin mamakin da ya cancanci bincike.

Wani zai ce, to, ai waɗannan ma'anarsu ta bambanta. In rubutu ya zo ɗaya ma'ana ma ta zo ɗaya fa? Nan ma sai an yi hattara, domin cikin ɗaruruwan da suka yi karo dole a sami 'yan ƙalilan da faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai wani harshe na 'yan asalin Ostireliya da ake kira Mbabaram, wanda masanin harsuna R. M. W. Dixon ya yi aiki da masu jinsa na ƙarshe. Sunan kare a wannan harshe shi ne "dog", daidai da Turanci. Kowa zai ce aro ne, tunda Turawa sun mamaye ƙasar. Amma da aka duba harsunan da ke maƙwabtaka da shi sai aka tarar suna cewa "gudaga", kuma Mbabaram yana da ɗabi'ar yar da gaɓar farko da sauya wasali a kalmomi da yawa, ta wannan hanya kalmar ta gajarce. A Farisanci "bad" na nufin mummuna, kamar dai a Turanci, kuma masana sun bi sawun kowace sun ga ba tushensu ɗaya ba. Mu ma muna da namu. Muna cewa wane yana sane, Bature kuma yana kiran mai cikakken hankali "sane". Ga rubutu ɗaya, ga ma'ana maƙwabciya. Amma tamu daga aikatau "sani" ta fito, kamar yadda zaune ta fito daga zauna, kwance daga kwanta. Tasu kuwa daga kalmar Latin ce mai nufin lafiyayye. Kowace da iyayenta, kuma an san su.

Akwai kuma abin da masu jerin nan ba su kula da shi ba: rubutu riga ce da aka ɗinka wa harshe daga baya. Mutanen Japan ba da waɗannan haruffa suke rubutunsu na yau da kullum ba, suna da nasu. Tsarin da aka fi bi wajen mayar da harshensu cikin boko sunan wani likita ɗan mishan Ba'amurke yake ɗauke da shi, James Hepburn, wanda ƙamus ɗinsa ya fito a 1867. Mu kuma kakanninmu da ajami suka rubuta waƙoƙinsu da wasiƙunsu, kuma a ajami babu wata kama tsakanin mace da sandar majalisa. Ko a bokon ma, Turawan farko irin su Robinson, mai ƙamus na 1899, da "ch" suke rubuta wannan sauti, Faransawa kuma a Nijar da "tch". Sai daga baya aka tsayar da "c", wadda muke gani a sunan Magana Jari Ce na Abubakar Imam a 1937. Ashe ke nan kamannin da muka fara da shi ba daɗaɗɗe ba ne, kuma masu tsara ƙa'idojin rubutu ne suka haife shi ba da niyya ba.

Bugu da ƙari, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Shi ya sa ko a cikin gida muke da gari na zama da gari na tuwo, wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na bishiya da kuka na hawaye, duk da riga ɗaya. Idan rubutu ya kasa raba kalmomin Hausa biyu da kowane yaro yake rabawa da kunne, yaya za a kafa shi shaida tsakanin Hausa da harshen wata nahiya? Sannan ga lalacin da waya ta koya mana na zubar da lanƙwasa. Ƙasa ta koma "kasa", wadda laima ce a Japan. Ɓata ta koma "bata", wadda takalmi ce a wurin maƙwabtanmu Yarabawa. Kaso mai tsoka na jerin da ake turawa ɗan yatsanmu ne ya ƙirƙire shi.

Su "mama" da "baba" kuwa a ajiye su gefe guda. Roman Jakobson ya yi bayaninsu tun 1960: sautukan leɓe da wasalin "a" su ne jariri yake fara iya furtawa, iyaye kuma a ko'ina sai su ɗauka su ake kira. A harshen Jojiya ma uba ake ce wa "mama", uwa kuma "deda".

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk wata kama ƙarya ce. "Sama" ta Hausa da "sama'u" ta Larabci abu ɗaya ne, aro muka yi. Amma "sama" ta harshen Malesiya, mai nufin daidai ko iri ɗaya, ba ruwanta da mu, daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit ta je can. Rubutu ɗaya, hukunci biyu. Abin da ya raba su shi ne tarihi: mun san malamai da fatake da littattafan da suka kawo Larabci ƙasar Hausa, kuma kalmar ba ita kaɗai ta zo ba, ta zo cikin ayari, da duniya da lahira da alƙalami da sauransu. Haka ashana da agogo da akawu, waɗanda muka karɓa daga Yarbanci: ga kasuwa, ga hanya, ga kayan da suka zo da sunayensu. Wanda ya ce mun ari kalma daga wani harshe, tambayar farko da za a yi masa ita ce, a ina muka haɗu, kuma yaushe?

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fage shi ne, sau da yawa dangantakar gaskiya ba ta zuwa da kama. Wa zai kalli "kasuwa" ya hango "suƙ" ta Larabci? Amma Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa ta hannun Barebari ta iso mana. Su suka ɗora mata "ka" a gaba ta zama "kasugu", mu kuma muka sassaƙe ta. Karatu da rubutu ma ta wannan ƙofa ta Barno suka shigo. Haka "littafi" namu da "kitabu" na Sawahili, uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga "alkitab". Mu muka haɗiye "al" ɗin muka bar "l", su kuma suka ɗauki "ki" a matsayin ɗafa-goshi irin nasu, har suke yin jam'i da "vitabu". A gefe guda kuma Sawahili yana da "kaka" mai nufin wa, da "kuku" mai nufin kaza, waɗanda suka yi kama da namu ƙwabo da ƙwabo amma ba abin da ya haɗa su.

Dalili kuwa shi ne sauti yana sauyawa, kuma bisa ƙa'ida yake sauyawa. Ba sai mun je wurin Grimm da misalansa na yadda "p" ta Latin take zuwa da "f" a Turanci ba, muna da tamu dokar a gida, wadda Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yakan yi laushi. Basakkwace ya ce zamna, Bakano ya ce zauna. Can sabro, nan sauro. Talaka ya ba mu talauci. Farke ɗaya ne, in sun yi yawa fatake, a nan "t" ɗin asali ta sake fitowa. Buzu ma jam'insa bugaje ne, wanda ya tona cewa da akwai "g" a ciki. Wannan ita ce hujjar da masanin harshe yake nema: sauyi iri ɗaya da yake maimaita kansa a kalmomi da yawa, har ka iya yin hasashen ta gaba kafin ka gan ta. Idan tsakanin Kano da Sakkwato an sami wannan tazara, to, harsuna biyu da suka rabu shekaru dubbai ai sai dai su yi kama irin ta jika da kakan kaka. Kalmar da ta zo daidai harafi da harafi daga wata uwa duniya, daidaituwar tata ma ita ce abin zargi.

Hausa tana da danginta, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Na kusa su ne harsunan Cadi irin su Bolanci da Ngizim da Angas, waɗanda Paul Newman da Roxana Ma suka kwatanta sautukansu da kalmominsu a 1966. Na nesa su ne Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar, kamar yadda Greenberg ya tsara a littafinsa na 1963. Hujjar tana cikin ƙashin bayan harshe, inda aro ba ya cika shiga. Mu ce gidanka da gidanki, Balarabe ya ce baituka da baituki. Mu ce ya tafi, ta tafi, shi ma "ya" da "ta" ne suke raba masa namiji da mace a aikatau. Mutu tamu ta yi daidai da "mata, yamutu" ta Larabci da "mwt" ta Misirawan da. Huɗu, ko fuɗu, ta yi daidai da "fdw" tasu. Sai kuma "suna": masana suna danganta ta da "ism" ta Larabci da "shem" ta Ibrananci, ta hanyar 'yan'uwanta na Cadi masu siga irin "sum". A duba nan da kyau. Wadda ta yi kama da ita sak, wato yashin Japan, bare ce. Wadda sai an yi bincike kafin a gane ta, ita ce 'yar'uwa.

Wani lokacin jam'i kaɗai ya isa ya warware rigima. An daɗe ana lura cewa "mutum" ta yi kama da "muntu" ko "mtu" na harsunan Bantu. Sai a tambayi kowanne jam'insa. Su za su ce "bantu" ko "watu", wanda ya nuna "mu" ɗinsu ɗafi ne da ake cirewa a sa wani. Mu kuwa mutane muke cewa, "mu" ɗinmu na jikin saiwa ne, ba ya motsi. Inda suka yi kama ɗin ma, ashe ba abu ɗaya ba ne.

Mai cewa duk wannan wasan malamai ne da ba ya cutar da kowa, sai ya dubi abin da ya sami kalmar "boko". Tun daga 2009 da sunan ƙungiyar Boko Haram ya shiga kafafen yaɗa labarai na duniya, jarida bayan jarida ta yi ta maimaita cewa boko gurɓatacciyar "book" ce ta Turanci, har Hausawa da yawa suka karɓa suka riƙe. A 2013 Newman ya fitar da wata maƙala a kan asalin kalmar, inda ya nuna cewa Bahaushiya ce tun fil azal, mai nufin algus ko yaudara ko abin da ba na gaske ba, kuma ya ambata cewa Liman Muhammad ya riga ya faɗi haka tun shekarun 1960. Shaidun suna bakinmu: biri-boko, da amaryar boko da ake sa wa lulluɓi a madadin ta gaskiya. Tsarin sauti ma bai goyi bayan labarin ba, domin wannan wasali na Turanci da "u" yake shigo mana, kamar yadda "cook" ta zama kuku. Ga shi kuma muna da littafi tun kafin zuwan Turawa. To, me aka yi asara? Kalmar tana ɗauke da hukuncin da kakanninmu suka yanke wa makarantar Nasara ranar da ta zo, wato sun ɗauke ta holoƙo idan aka gwada da karatun da suka sani. Ko mutum ya yarda da wannan hukunci ko bai yarda ba, tarihi ne, kuma labarin "book" shafe shi yake yi. Shekara da shekaru ana buga kuskuren a duniya, alhali ga sassan Hausa cike da ɗalibai.

Ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. A 1569 wani likita a birnin Antwerp, Goropius Becanus, ya wallafa littafi yana kafa hujja cewa karin harshen garinsu shi ne harshen da Annabi Adamu ya yi magana da shi, hanyarsa kuwa ita ce ya daddatsa sunaye ya fassara gutsattsarin da harshensu. A nan gida, J. Olumide Lucas ya fitar da littafi a 1948 yana danganta ɗimbin kalmomin Yarbanci da tsohon harshen Masar, ra'ayin da masana kwatancin harsuna ba su karɓa ba. Mu ma muna da labarin cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, wasu kuma su ce daga Habasha, kuma in ka nemi hujja sai a sake maimaita maka kalmar a hankali. Da wannan dabara ni ma zan iya tabbatar da cewa Bahaushe ne ya raɗa wa Kanada suna, ya ga arziki ya ce "kana da". Abin da ya hana ni shi ne an san inda sunan ya fito: "kanata" ce, wato ƙauye a harshen mutanen da Jacques Cartier ya tarar a can a 1535. A lura kuma, a duk irin waɗannan labarai kibiyar gidan mai ba da labarin take nunawa, ko kuma wata tsohuwar daula da yake so a jingina shi da ita. Ban taɓa ganin jerin da ya haɗa mu da wata ƙaramar ƙabila marar suna ba, ko da yake lissafin da muka yi ɗazu zai ba da ɗaruruwan kalmomi a can ma.

Ban ce a daina wasa da waɗannan kalmomi ba. Suna da daɗi, suna taimaka wa mai koyo ya riƙe kalma, kuma saninsu yakan fid da mutum kunya. Bahaushen da zai je Kenya ko Tanzaniya yana da kyau ya sani cewa "kuma", wadda ba ma iya jimla uku ba mu faɗe ta ba, kalmar batsa ce a Sawahili. Marubucin barkwanci ko mai wasan kwaikwayo zai ci riba da Bayarabe da Bahaushe suna jayayya a kan "ina". Inda na ja layi shi ne ranar da za a ɗauko wasan a sa masa lambar babi.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ita ce, tunda Allah ya haɗa mu rufi ɗaya da masu nazarin Yarbanci da Ibo, damar da takwarorinmu na Kano da Sakkwato ba su da ita kamar mu, mu zauna da su mu tattara duk kalmomin da rubutunsu ya zo ɗaya ko ya yi kusa a harsunan uku. Kowa ya furta tasa a naɗa, a sa wa kowace karin sauti da tsawon wasali da ɗigo da lanƙwasa, a kawo jam'inta da kalmomin da aka samo daga gare ta, a duba Bargery da Abraham, wanda dama ya yi wa Hausa ƙamus ya kuma yi wa Yarbanci. Daga nan a ware su: su "ina" da "anya" da "aka" a sahun haɗuwar hanya, su ashana da akawu a sahun abin da muka karɓa, su albasa da "alubosa", lafiya da "alafia" a sahun abin da mu da su duka muka samo daga Larabci. Zangon karatu ɗaya zai isa a yi harafin "a" zuwa "k", in an sami mutum biyu daga kowane sashe.